Shawarwarin zaman Aboabo kan ƙaurace wa wasanni

A zaman da mu magoya bayan Manchester United muka yi a Aboabo, cikin Kumasi, an tattauna yadda za a nuna fushi ga iyalan Glazer, waɗanda suka sayi ƙungiyar a 2005 da bashin da suka ɗora mata. Dattawa sun ce tunda Old Trafford, filin wasan ƙungiyar, ya yi mana nisa, abin da ke hannunmu shi ne daina sayen rigunan ƙungiyar. An kawo misalin magoya bayan ƙungiyar Blackpool ta Ingila, waɗanda suka daure kusan shekara huɗu ba sa shiga fili, har kotu ta karɓe ƙungiyar daga hannun mai ita, Owen Oyston, a 2019.

Shawarar da ta fi kwanta mini a rai ita ce kada a ƙaurace wa gidajen kallo na zango, domin masu su 'yan'uwanmu ne, kuma a kansu asarar za ta faɗa.