"Likitocinmu sun gudu": abin da ya tashi a zauren dangi na Gadarif, Sudan

Haruna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau sai na faɗa, ko da Kawu zai cire ni daga zauren nan. Ciwon ƙanena Idi ya dawo. A Madani allurar wata-wata ake yi masa, yana zaune lafiya, har raksha, keke mai ƙafa uku, yake tuƙawa. Tun da muka baro garin a Disambar 2023 allurar ta zama yau akwai gobe babu. Daren jiya sai da muka ɗaure masa ƙafa a jikin gado, Inna tana riƙe da kansa tana kuka. Da safe na je asibitin unguwa. Ma'aikaci ɗaya ne a ciki, musa'id, wato mataimakin likita, ga layin masu zazzaɓi har bakin titi. Na yi masa bayani, ya ce shi bai taɓa rubuta irin wannan magani ba, in shiga gari in nemi likitan ƙwaƙwalwa. Na shiga, aka ce in dawo wani makon. Mai kyamis ya sa almakashi ya yanko min ƙwaya shida daga jikin kati, ya ce iyakar abin da kuɗina zai saya ke nan. Don Allah me ya hana asibitin unguwa kula da mai taɓin hankali? Likitocinmu duk sun gudu Saudiyya da Ailan, sun bar mu muna safa da marwa.

Gwaggo Hauwa: Allah ya ba Idi lafiya, ɗana. In ɗaurin ya zama dole ku naɗa tsumma a ƙarƙashin igiyar, kada ta ci masa fata. Kana da kwalin allurar da ake masa a Madani? Ɗauko hotonsa.

Dakta Usman: Allah ya ƙara sauƙi, Yaya Haruna. Amma wannan "gudu" ka janye ta. Ni na bar Sudan tun 2019, da takardar aiki a hannuna, ta filin jirgi, rana tsaka. Albashina a lokacin ba ya kai ni tsakiyar wata. Wanda ya fita neman abin da zai ciyar da gida ba a ce masa ya gudu.

Haruna: To me za a ce? Yawon buɗe ido?

Bashir: Kai Haruna, da me ka zo Gadarif? Ba a bayan babbar mota na tarbe ka ba, takalminka ƙafa ɗaya? In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Haruna: Ni harsashi ne ya koro ni. Shi riyal ne ya kira shi.

Dakta Usman: Riyal ɗin da ake turo muku.

Abubakar Mai Wurno: Ku dakata. Duk wanda ke zauren nan jikan masu tafiya ne. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a suka yo gabas har suka sauka a bakin kogi kusa da Sinnar. Wasu kuma hanyar Makka ce ta ajiye su a nan. Akwai wanda ya taɓa cewa kakanninmu gudu suka yi? Hijira ake cewa. Shi ma Dakta hijira ya yi, har ma ya fi su kusantar Makka.

Ustaz Nura: Malam Abubakar, a kiyaye harshe. Hijira kalma ce ta shari'a. Hadisin niyya ya raba mana: wanda ya yi hijira don duniyar da zai samu, hijirarsa tana ga abin da ya yi hijira dominsa. Neman halal ba laifi ba ne, amma kada a haɗa kwantiragin Jizan ta Saudiyya da Burmi.

Abubakar Mai Wurno: Ku da ma ba ku ganin girman Burmi.

Ustaz Nura: "Ku" su wa?

Maryam: Baffannina, ku yi haƙuri in sa baki. Ko duk waɗanda suka fita sun dawo gobe, ba su ne za su zauna a asibitin unguwar su Yaya Haruna ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a kan Sudan a 2009 ya nuna likitan ƙwaƙwalwa bai cika ɗaya ga mutum miliyan ɗaya ba, kuma yawancinsu a Khartum suke. Manyan asibitocin biyu, na Tijjani al-Mahi a Umdurman da na Ɗaha Ba'ashar a Bahri, duk a can suke, shi ya sa da yaƙi ya ɓarke a babban birni a watan Afrilun 2023 abin ya taɓa ƙasar gaba ɗaya. Madani ta ɗauki nauyin na 'yan watanni, ita ma ta faɗi. Tun 2008 Hukumar take da wani shiri, mhGAP, wanda aka tsara don irin musa'id ɗin da Yaya ya gani. Ana koya wa ƙaramin ma'aikaci yadda zai gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, ya ci gaba da ba da maganin da likita ya riga ya ɗora mutum a kai, ya san alamun da za su sa ya tura shi gaba. Horon na kwanaki ne. Inda abin yake lalacewa shi ne bayan horon: a samu babba mai leƙo shi, a samu magani a kabad ɗinsa, a biya shi albashi. Mutumin da ya ce bai taɓa rubuta maganin ba gaskiya ya faɗa, kuma gara haka da ya yi kame-kame. Mu da muka karanta ilimin halayyar ɗan Adam a jami'ar Ahfad muna da yawa a garin nan, a makarantun da aka sauke 'yan gudun hijira muke wuni, kyauta. Muna iya zama da mutum mu saurare shi, mu lura da wanda ya daina cin abinci, amma ba mu da ikon rubuta ko ƙwaya ɗaya, kuma babu wanda ya haɗa mu da asibitin unguwa.

Bashir: Ka ji! Ita ma ta ce 'yan GUDUN hijira. Ustaz, ga gudu ga hijira a wuri ɗaya, sai ka raba mana.

Maryam: Yaya Bashir, duk abin da na rubuta wannan kaɗai ka gani?

Bashir: Na ga sauran, ya yi tsawo. Ni dai na ji an ce likitocin ƙwaƙwalwa 'yan Sudan da ke Ingila sun fi waɗanda ke Sudan yawa.

Dakta Usman: Wa ya ce?

Bashir: Wani ne ya turo a wani zaure.

Malam Tijjani: Duk kun bar waɗanda ba su je ko'ina ba. Masid, makarantar shehunnai, bai rufe ba. Tun kafin a gina asibitin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan mutane suke kai marasa lafiya Um Dubban wurin shehunnai, a ba su ɗaki, a ba su abinci, a yi musu rubutu da hayaƙi, danginsu na kusa da su. Ba a taɓa ce wa kowa ya dawo wani makon ba. Haruna, kawo min yaron bayan la'asar.

Ustaz Nura: A kai shi a sa masa mari a ƙafa, a hana shi nama, a yi ta tsula masa bulala wai aljani ake duka? Ruƙiyya ta shari'a daban, abin da kuke yi daban.

Malam Tijjani: A makarantata ka taɓa ganin mari? Kuma ɗaurin da ake magana, a gida aka yi shi daren jiya, ba a masid ba.

Haruna: Malam, ni kake yi wa gori?

Dakta Usman: Tunda an kawo masid, bari in faɗi abin da aka karantar da mu. Tijjani al-Mahi shi ne likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Sudan, shi ya buɗe ƙaramin asibitin wannan fanni a Bahri wajen 1950. Bai raina shehunnai ba, shiga wurinsu yake yi, kuma Ɗaha Ba'ashar da ya biyo bayansa ya ci gaba da haka. Sun gane cewa can mutane suke fara zuwa, don haka gara a kai magani can da a tsaya jiran su. Sannan shi al-Mahi ɗin ya bar ƙasar ya yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya a Iskandariyya kafin ya dawo gida. Yaya Haruna, shi ma gudu ya yi?

Haruna: Ai ka ce ya dawo.

Malam Tijjani: Allah ya ji ƙan Tijjani al-Mahi. Sunansa ma ya isa ya nuna muku ɗan wane gida ne.

Ustaz Nura: Suna ba ɗariƙa ba ne. Akwai Abdulƙadir a masallacinmu.

Sani: Mu ma a Najeriya an yi irin wannan. Farfesa Lambo a Aro, Abeokuta, a 1954 ya riƙa sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan uwansa mai jinya, masu maganin gargajiya kuma suna cikin aikin.

Bashir: Sani, kai suruki ne, aure ne ya shigo da kai zauren nan. Ku fara riƙe naku likitocin tukuna, rabinsu suna Jizan tare da Dakta.

Sani: Allah ya ba da haƙuri, Yaya.

Zainabu: Ni kam ban ga abin kunya a kalmar ba. Mun gudu daga Rusairis a rikicin 2022, muka zauna Sinja, muka sake gudu a 2024. Gudu ne, da ƙafa, da yara a baya. 'Yata mai shekara tara har yanzu in an buga ƙofa da ƙarfi sai ta shige ƙarƙashin gado, ta koma fitsarin kwance. Wacce ta zauna da ita ta yi mata magana a hankali wata yarinya ce irin su Maryam, ta zo da takarda da fensir mai launi. Ta daina zuwa, an ce kuɗin mota ne ya gagare ta.

Gwaggo Hauwa: Haka ne, Zainabu. Ni ungozoma ce, gida-gida nake shiga. Mai jegon da ta ƙi kallon jaririnta, tana zaune tana kallon bango, ni nake fara ganinta kafin mijinta ya lura. Lokacin kwalara an tara mu an koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari. A kan wannan kuwa ba wanda ya taɓa tara mu. Haruna, har yanzu ban ga hoton kwalin ba.

Haruna: Dakta, tunda kana nan, ƙwayoyin nan shida nawa zan riƙa ba shi?

Dakta Usman: Kada ka ƙara a kan yadda aka rubuta masa a da, kuma kada a tsayar da shi gaba ɗaya rana ɗaya. Amma ni fa likitan ƙashi ne. Ko ina Gadarif ba ni zan duba Idi ba.

Bashir: Innalillahi! Tun safe muke faɗa a kan mutumin da ba fanninsa ba ne?

Maryam: Abin da nake ta faɗa ke nan. Likitan ƙashi ma ya san wannan, me zai hana a koya wa musa'id?

Dakta Usman: Ko ba fannina ba ne, an ce "likitocinmu duk". Ina cikin duk. Kuma tunda abin ya zo nan, a duba asusun zauren nan a ga kuɗin wa yake shigowa ta Bankak, manhajar banki, kowane wata. Waɗanda suka "gudu" ne suke riƙe da tukunyar takiyya, girkin sadakar da ake raba wa jama'a.

Haruna: Ka ji gori. Allah ya sa mu ma mu samu.

Hajiya Ladi: Tunda an taɓo asusu, ni ma ina da magana. Kuɗin takiyyar azumin bara har yau ba a karanta mana lissafinsa ba. Buhu nawa aka saya na adas? Wa ya karɓi na gawayi?

Kawu Sale: Hajiya, ni kike tuhuma?

Hajiya Ladi: Tambaya na yi, Alhaji. Wanda ya tsargu shi ya sani.

Bashir: Gawayin a gidan wa aka sauke, ni na ga motar.

Malam Tijjani: A makarantata aka sauke, kuma almajirai ne suka dafa wa mutane da shi. Ustaz, ka faɗa musu ko shi ma bidi'a ne.

Ustaz Nura: Ban ce komai ba.

Kawu Sale: Ya isa haka. A matsayina na mai kula da zauren nan, ga taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba. Ɗanmu Haruna ya shigo cikin ɓacin rai saboda rashin lafiyar ƙanensa, muna yi wa Idi addu'a. Cikin fushi ya furta kalmar da ba ta dace ba a kan 'ya'yanmu da ke aiki a waje. Dakta Usman ya amsa masa cikin natsuwa da ilimi, ya kawo tarihin Tijjani al-Mahi, har ya ba shi shawarar magani kyauta. Malam Abubakar ya tabbatar da cewa hijira gadonmu ce, kuma akasarin jama'a sun gamsu da hakan. Kada wani ya ce don Usman ɗana ne, ko ɗan wani ne haka zan faɗa. 'Yarmu Maryam ta kawo bayanin makaranta mai tsawo, Allah ya yi mata albarka, sai dai wannan aikin gwamnati ne da ƙungiyoyi, ba na zauren dangi ba. Maganar masid da ruƙiyya an hana ta a nan tun bara, wanda ya sake tayar da ita zan cire shi, ko wane ne, ban da Malam Tijjani da tsokanarsa aka yi. Batun asusu kuwa ba a yin sa a bainar jama'a, mai tambaya ta same ni a gida. Ana jiran Haruna ya janye kalmarsa. Na rufe zauren sai bayan sallar asuba, kuma waɗanda ba su biya kuɗin wannan wata ba su goma sha ɗaya ne, gobe zan sa sunayensu.