Shin kamarar ful-firem za ta yi araha nan gaba, ko in saya yanzu?

Mai Hoton Garin Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan sana'a. Shekara shida ke nan ina ɗaukar hoton biki da suna a nan Damagaram da wata kamara mai madubi wadda sensarta, wato ɗan farantin da ke kama haske ya mai da shi hoto, ƙarama ce, irin wadda ake kira APS-C, kuma ba zan raina ta ba, domin da ita na yi aure, da ita nake ciyar da gida. Sai dai a hawan sallar bara na tsaya a ƙofar fada kusa da wani baƙo da ya zo daga Yamai, ƙura ta turnuƙe, haske ya ragu, muka ɗauki mahayi ɗaya kusan a lokaci ɗaya. Da ya nuna mini nasa, har zaren rawanin mutumin ana iya ƙirgawa, nawa kuwa ya yi yashi-yashi kamar an watsa masa gero. Ya ce tasa ful-firem ce, wato mai babbar sensa.

Tun daga ranar na shiga adashi, yanzu ina da jika ɗari bakwai a hannu, wato sefa dubu ɗari bakwai. Wani abokina ya ce kada in yi gaggawa, wai nan da shekara biyu ko uku sabuwar ful-firem za ta sauko ƙasa da rabin miliyan na sefa, kuma za ta zo da megafiksel ɗari, wato ɗigo miliyan ɗari a hoto guda. Ina roƙon waɗanda suka fi ni sani su gaya mini abin da suke hange game da kamarorin da za su fito da kuma farashinsu, domin in san ko in ci gaba da jira.

Dattijon Birni ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ni da fim na fara, kuma abin da kuke kira ful-firem a yau girman ɗan gidan hoto ne na fim ɗin da muka saba da shi, wato milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, ma'aunin da kamarar Leica ta yaɗa tun 1925. Saboda haka maganar abokinka na ji irinta sau da yawa, kuma a wani zamani gaskiya ce. Bari in jero maka farashin da aka fitar da su, da dalar Amurka nake magana, kada wani ya ɗauka dalarmu ta sefa biyar ce. Canon EOS-1Ds ta fito a 2002 a kan kusan dala 8,000, da megafiksel 11 kacal. A 2005 Canon 5D ta zo a kan dala 3,300, aka yi ta mamaki. A 2012 Canon 6D da Nikon D600 suka sauko kusan dala 2,100, bayan shekara ɗaya Sony A7, marar madubi, ta zo a 1,700, sannan a 2019 Canon RP ta kai 1,300.

To daga nan ne saukar ta tsaya. Nikon Z5 ta fito a 2020 a kan dala 1,400, Canon R8 a 2023 a kan 1,500, ita kuwa Z5 ta biyu da ta fito a 2025 sai ta koma 1,700. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga farashin ya taɓa ƙasa ya fara hawa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar masu ƙera kamara ta Japan, CIPA, ta ƙirga kamara fiye da miliyan 120 da aka fitar a 2010, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba, saboda wayar hannu ta cinye kasuwar ƙananan kamarori. Wanda ya saba sayar da buhu ɗari, aka wayi gari buhu bakwai yake sayarwa, ba zai rage riba a kan kowane buhu ba. Kamfanonin sun koma neman mutane kaɗan masu biya da yawa, kuma ban ga abin da zai juya su ba. Idan sabuwa kake jira a rabin miliyan, ina tsoron jiran gawon shanu za ka yi.

Malamin Lantarki ya rubuta:

Baba ya yi gaskiya a kan farashi, zan ƙara dalilin da ke cikin masana'anta, sannan in ɗan saɓa masa da ladabi a wani wuri. Ana yanko sensa ne daga wani faifan silikon mai faɗin milimita 300. Faɗin fuskar sensar ful-firem ya fi na APS-C sau biyu da ɗoriya, don haka ko da babu asarar gefe, faifai ɗaya ba zai ba da fiye da 81 ba, alhali na APS-C zai ba da kusan 190. Kuma ɗigon lahani guda ɗaya yana iya ɓata sensa sukutum, asarar babba ta fi ta ƙarama ciwo. Akwai wani abu na uku: injin da ke zana da'irar lantarki a kan faifan yakan zana fili na milimita 26 da 33 ne a karo ɗaya, ita kuwa ful-firem tsawonta 36, sai an yi zanen fiye da sau ɗaya an haɗa bakinsa daidai, kamar yadda tela ke haɗa ƙyalle biyu. A kwamfuta da waya abu yana araha ne idan an ƙanƙanta shi, amma wannan sensa an hana ta ƙanƙancewa, domin girmanta shi ne sunanta.

Inda na saɓa wa Baba shi ne, ko da farashin ya tsaya, abin da kuɗin ke sayowa yana ƙaruwa kowace shekara, kuma a nan ne ya kamata mu sa ido. Ku dubi labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa. Yawancin sensar yau layi-layi take karanta haske daga sama zuwa ƙasa, shi ya sa idan ka kashe labule don kada a ji ƙara, doki mai sukuwa yakan fito a karkace, kuma a ɗakin biki mai fitilun LED sai ka ga ratsi-ratsi sun keta farar shadda. A 2017 Sony A9 ta zo da sensa mai hawa-hawa wadda ke karatu da sauri, a kan dala 4,500. A 2021 Nikon Z9 ta yi watsi da labulen ƙarfe gaba ɗaya. A ƙarshen 2023 aka sanar da Sony A9 ta uku, wadda ke karanta duk fuskar sensa a lokaci guda, tana ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa, a kan dala 6,000. Sannan a 2024 Nikon Z6 ta uku ta kawo wani ɓangare na wannan sauri zuwa dala 2,500. Hasashena shi ne cikin ƴan shekaru sensa mai saurin karatu za ta isa kamarorin ƙasa, labulen ƙarfe kuma zai zama tarihi a yawancinsu, wanda hakan alheri ne gare mu, tunda shi ne ɓangaren da ke gajiya ya mutu. Amma irin ta A9 ta uku ba na zaton za ta sauko da wuri, domin tana da nata tsada a hoto: ISO ɗinta na tushe, wato ma'aunin yadda sensa ke jin haske, 250 ne, alhali yawanci 100 ne, ma'ana ta ɗan yi rauni wajen riƙe haske da inuwa tare.

Maganar megafiksel ɗari kuwa ba ta dame ni ba. Tun 2019 Sony A7R ta huɗu take da 61, amma kamfanonin da kansu sun bar manyan kamarorinsu na wasanni irin Canon R1 a kan 24. Hoton megafiksel 24 yana isa a wanke shi ya kai rabin mita da kyau. Wani abu da nake ganin zai bazu shi ne hatimin da ke shaida cewa hoto daga kamara ya fito, ba kwamfuta ce ta ƙaga shi ba, wanda Leica M11-P ta fara sawa a 2023. Ƴan jarida za su buƙace shi kafin masu biki.

Hajiya Mai Hoton Mata ta rubuta:

Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma bari in shigo da ƙanena cikin ɗakin amarya, inda ku maza ba ku shiga. Ɗaki ne ƙarami, an ɗauke wuta, ƙawaye goma sha sun cika shi, hasken da ke akwai shi ne na taga ɗaya da fitilar waya, ita kuma amarya ta lulluɓe da mayafi mai ƙyalli, ido ɗaya kawai ake gani. A irin wannan wuri hoto 120 a daƙiƙa ba ya tsinana mini komai. Abin da ya canza mini aiki shi ne kamarar da ke nemo ido da kanta ta kafe a kansa, da kuma sensar da ke jure duhu ba tare da fuska ta yi yashi ba. Ni Sony A7 ta uku nake riƙe da ita, wadda ta fito tun 2018, kuma har yau ban rasa abin da nake nema a cikinta ba.

Idan masu ƙera kamara za su ji tawa, abu uku nake so su mai da dole a kamarori masu zuwa. Ramin katin ajiye hoto biyu shi ne na farko, domin na taɓa dawowa daga ɗaurin aure kati ya ƙi buɗuwa, kuma ban san da wane baki zan gaya wa uwar amarya ba, Allah ya taimake ni ƙanwata ta ɗauki wasu da waya. R8 rami ɗaya gare ta, Z5 kuwa biyu, ƙanena ka riƙe wannan. Sai zafi: a watan Afrilu da Mayu, idan kana bidiyo a tsakar gida, wasu kamarorin sukan nuna alamar zafi su tsaya, don haka ƙarin kaifin bidiyo da ake kira 8K ba ya burge ni kamar a ce an gyara sanyaya jiki. Na uku ƙura. Marar madubi sensarta a fili take da zarar ka cire gilashin gaban kamara, kuma kowa ya san hunturun Damagaram. Wasu, irin Canon EOS R da Nikon Z9, suna rufe sensa idan an kashe su, ya kamata a ce duka haka suke.

Kuma kada ka manta jikin kamara rabin kuɗi ne. Gilashin da kake da shi na APS-C ba zai cika fuskar ful-firem ba, kamarar za ta yanke hoton ta koma maka gidan jiya. Hoton baƙon nan da ya burge ka, ina kyautata zaton gilashinsa ya yi rabin aikin.

Alhaji na Kasuwar Dole ya rubuta:

Ni ba mai hoto ba ne, kaya nake kawowa, kuma kamara tana cikinsu jefi-jefi. Lissafin da zan ba ka da yuro ne, tunda sefa a ɗaure take da shi: yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya motsi. Ke nan kamarar yuro 1,500 ta kai jika 984 tun tana can, ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa duwan ba, ban sa tawa riba ba, kuma babu gilashi. Rabin miliyan da abokinka ke faɗa yuro 760 ne da ƴan kai, wato sai farashin ya karye biyu.

Hanya ɗaya nake ganin hakan zai iya faruwa, ita ce ƙasar Sin ta shigo. A gilashi sun riga sun shigo, Viltrox da Meike da Yongnuo suna sayar da gilashi mai fokas da kansa a kan kaso kaɗan na kuɗin na Japan, kuma DJI, masu jirgin nan marar matuƙi da ake ɗaukar biki da shi, sun yi kamarar sinima mai ful-firem tun 2021. Ranar da wani kamfanin Sin ya fitar da jikin kamarar hoto na talaka, lissafin Baba na Birni zai iya rushewa, amma ni ba zan ce wa yaro ya ajiye sana'arsa yana jiran wannan rana ba.

Arahar da ke gabanmu a kayan hannu take. Tun da Canon da Nikon suka fitar da ful-firem marasa madubi a 2018, masu hoton Turai da Dubai suke ta sakin masu madubi da gilasansu, su ne ke biyo hanyar Kano da Kwatano su iso mana, kuma duk sabuwar da ta fito sai ta ƙara danne farashin tsohuwa. Nikon D750 ta 2014 da Canon 5D ta uku ta 2012 duka ful-firem ne masu ramin kati biyu. Sai dai ka sa a duba maka yawan bugun labule kafin ka biya, domin su biyun an auna nasu a kan bugu 150,000 ne, kuma ka haska tocila cikin gilashi ka duba ko ya yi furfura. Idan kuma zuciyarka na kan marar madubi, gilashin Canon na EF yana hawa sabbin da adafta, haka na Nikon da adaftar FTZ, don haka kuɗin da ka zuba a gilashi mai kyau yau ba zai bi ruwa ba.

Mai Hoton Garin Malam ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba jakata, cikin gilasaina uku ɗaya ne kawai zai cika ful-firem, ɗan milimita 50 da na saya shekara biyu da suka wuce, ashe gyaran da Hajiya ta yi mini shi ne babba. Na yanke shawarar neman ta hannu mai ramin kati biyu, in bar ragowar kuɗin don gilashi na biyu da batir, tsohuwar kuma in riƙe ta saboda ranar da za a yi biki biyu. Alhaji, zan biyo ta shago ranar Alhamis bayan la'asar in Allah ya yarda, kuma ina roƙon Malam ya nuna mini yadda ake duba yawan bugun labule kafin ranar, domin ban taɓa yi ba.