Me ya sa sulhun 1850 ya kasa hana yaƙin basasar Amurka?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana. Ana bauta a Amurka tun kafin ta ayyana 'yancin kanta a 1776, kuma Arewa da ta daina bauta da Kudu mai riƙe da bayi sun daɗe suna zaune da wannan saɓani ba tare da sun ɗauki makami ba. To, me ya faru tsakanin 1850 da 1860 har zaman ya gagara?

Malamin Makaranta:
Wa alaikumus salam. Tushen rikicin shi ne sababbin yankunan yamma da Amurka ta samu bayan yaƙinta da Meziko, wanda ya ƙare a 1848. Kowace sabuwar jiha tana zuwa da sanatoci biyu, saboda haka halatta bauta ko haramta ta a can shi ne zai nuna ɓangaren da zai riƙe majalisar dattawa. Sulhun 1850 ya karɓi Kalifoniya a matsayin jihar da babu bauta, aka kuma rarrashi Kudu da dokar kamo gudaddun bayi. Sai dai a 1854 Sanata Stephen Douglas ya kawo dokar Kansas da Nebraska, wadda ta rushe iyakar hana bauta da aka shata tun 1820, ta bar wa mazauna kowane yanki su yanke hukunci da ƙuri'a. Nan da nan magoya bayan bauta da masu adawa da ita suka yi tururuwa zuwa Kansas, aka shiga zubar da jini. A shekarar ce aka kafa jam'iyyar Republican domin hana bauta yaɗuwa, jam'iyyar Whig kuma, wadda ke da mabiya a ɓangarorin biyu, ta wargaje. Daga nan Kotun Ƙoli ta yi hukunci a shari'ar Dred Scott a 1857 cewa majalisa ba ta da ikon hana bauta a yankunan, wato ta toshe ƙofar sulhun da 'yan siyasa suka saba bi.

Mai Bibiya:
Allah ya gafarta Malam, ni kam ina ganin an cika ɗora komai a kan bauta. Kudu manoman auduga ne masu sayarwa Ingila, Arewa kuma masu masana'antu ne da ke son harajin shigo da kaya, sannan akwai batun 'yancin jihohi a gaban gwamnatin tarayya. Ashe waɗannan ba su isa su raba ƙasa ba?

Malamin Makaranta:
Saɓanin haraji gaskiya ne, amma an rage harajin a 1857, kuma da ƙuri'un 'yan Kudu aka yi. Batun 'yancin jihohi kuwa, dokar kamo bayi ta 1850 ta isa amsa, domin 'yan Kudu ne suka nemi tarayya ta shiga jihohin Arewa da ƙarfi. Dokar ta hana wanda aka kama yin shaida don kare kansa, jami'in da ya saurari ƙarar kuma yana karɓar dala 10 idan ya miƙa shi ga mai da'awa, dala 5 idan ya sake shi. A 1854 sai da sojoji suka raka Anthony Burns, wani bawa da ya gudu aka kama shi, zuwa tashar jirgin ruwa ta Boston saboda fushin jama'a. Audugar ma bayi ne ke noma ta, kuma ƙidayar 1860 ta nuna sun kusa miliyan 4.

Mai Nazari:
Ina so in ƙara batun tsoro. Harin John Brown, wani mai adawa da bauta, a kan rumbun makaman Harpers Ferry a Oktoban 1859 bai yi nasara ba, an kuma rataye shi, amma yadda wasu 'yan Arewa suka yi juyayinsa ya sa masu bayi suka daina amincewa da duk wani alkawari. Da jam'iyyar Democrat ta rabe biyu a 1860, Abraham Lincoln na jam'iyyar Republican ya ci zaɓen shugaban ƙasa da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, ba tare da ya ci ko jiha ɗaya mai bauta ba. Karolina ta Kudu ta ɓalle daga tarayya ranar 20 ga Disamba, kuma a takardar dalilanta ta yi ƙorafi ne cewa jihohin Arewa sun ƙi mayar mata da bayin da suka tsere.