Taƙaitawar shawarwari kan gasa piza irin ta Napoli a tanderun itace

Ga abin da na tsinta daga doguwar tattaunawar da aka yi kan wannan sana'a ta birnin Napoli na Italiya, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2017.

1. Kowa ya yarda cewa fulawa da ruwa da gishiri da yis kaɗai ake kwaɓawa, a bar kwaɓin ya tashi aƙalla awa 8, sannan a buɗe shi da hannu, domin murza shi da katako yana korar iskar da ke kumbura gefensa.

2. Zafin tanderu ya kai wajen digiri 450 a ma'aunin Celsius, ta yadda piza za ta gasu cikin sakan 60 zuwa 90, ana juya ta kada ɓangaren da ke fuskantar wuta ya ƙone. An jaddada amfani da busasshen itace mai ƙarfi, saboda ɗanye hayaƙi yake yi, kuma ni ma a nan na fi ganin masu koyo suna kuskure.

3. Ra'ayi ya rabu kan cuku: wasu sun dage kan mozarela ta nonon ɓauna, wasu kuwa sun fi son ta nonon saniya saboda ba ta jiƙa tsakiyar piza sosai.