Neman shawara: an ɗaure ƙanena shekara 2 kan sara da adda

Yayan Sani: Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Da bazara, lokacin sharar gona, rikicin iyaka ya haɗa ƙanena da maƙwabcinmu. Mutumin ne ya fara ɗaga masa fartanya, shi kuma da adda a hannunsa, ya sare shi a damtse, sai da aka yi ɗinki. Kotun majistare ta ɗaure shi shekara 2 ba zaɓin tara, yau kwana 19. Ba shi da lauya, yara biyun da aka yi a gabansu kuma ba a kira su ba. Innarmu ko abinci ba ta iya ci. Wasu sun ce a ɗaukaka ƙara, wasu sun ce asarar kuɗi ce. Ina mafita?

Malam Habu: Allah ya kawo sauƙi. Ku ɗauki dagaci da liman ku je ku ba mutumin haƙuri. Gona dai tana nan, gobe ma tare za ku yi noma.

Barista: Malam, sulhun yana da kyau, amma ba ya tsayar da kwanaki. Ɗan uwa, daga majistare zuwa Babbar Kotu kwana 30 doka ta bayar, saura 11 ke nan. In suka wuce sai an roƙi ƙarin lokaci tare da hujjar jinkiri, kuma alƙali na iya ƙi. Gobe ka je wurin rajistaran kotun da ta yi hukuncin, a shigar da takardar ɗaukaka ƙara, ka biya kuɗin kwafin shari'ar. Ka karɓi rasit.

Abin da mutanenmu ba sa ganewa shi ne, kotun sama ba sabuwar shari'a take yi ba. Abin da aka rubuta a ƙasa take karantawa ta ga inda alƙali ya kauce. Yaran nan da kake dogaro da su, da wuya a saurare su yanzu. Tambayata: ya faɗa wa alƙali kare kansa ya yi, an kuma rubuta? Ko kuwa da aka karanta masa tuhuma cewa ya yi "haka ne" kawai?

Yayan Sani: Ranka ya daɗe, cewa ya yi shi ya sare shi, amma mutumin ne ya fara.

Barista: To wannan "amma" ɗin ita ce shari'arku. Wanda ya ce ya yi amma don kare kai, bai amsa laifi ba. In haka ke rubuce, akwai abin kamawa. In ba a rubuta ba, lauya zai fi ƙarfi wajen neman sassauci.

Maman Hafsa: Yaya, mu sai da muka sayar da ɗan maraƙi kan shari'ar mijin ƙanwata, daga baya muka ji akwai Legal Aid, lauyoyin gwamnati masu tsaya wa marasa hali kyauta. Suna da ofis a Dutse. Kada ka ba ɗan kamasho ko sisi a bakin kotu.

Yayan Sani: Na gode. Za a ba shi beli kafin a gama?

Barista: A nema, amma kada ka yi wa Inna alkawari. Bayan hukunci sai da dalili mai ƙarfi, kamar ciwo mai tsanani, ko fargabar ya cinye wa'adin kafin a saurari ƙarar. Ka tafi da lambar shari'ar.