Haɗin gwiwa da ƙasashen waje kan makantar bakwaini: me ya kamata a fara nema?

Sista_ɗakin_jarirai: Assalamu alaikum. Idan ƙungiyar waje ta zo da tayin taimaka wa ɗakin jarirai kan cutar ROP, wadda ke makantar da bakwaini, me ya kamata a fara nema? Kowa kyamarar ɗaukar hoton ido yake ambata.

Likitan_yara: Wa alaikumus salam Sista. Kyamara ta jira tukuna. A fara da oksijin. Jijiyoyin jinin da ke bayan idon bakwaini ba su gama tsirowa ba. Oksijin zalla yana tsayar da su, daga baya sai wasu gurɓatattu su tsiro su janyo tantanin ganin ya ɓalle. Ku nemi na'urar gauraya oksijin da iska, da na'urar auna oksijin a jini mai maƙalin ƙafar jariri, ɗaya ga kowane gado. A riƙe awon tsakanin kashi 90 zuwa 95, a saita ƙararrawa sama da ƙasa. Ƙararrawar sama ce ake yawan kashewa da dare, kuma nan ɓarnar take. Shirin SIBA ma, na yaƙi da makantar jarirai a Afirka, wanda ya yi aiki a Fatakwal da Kampala da Kigali, ya ba wannan muhimmanci.

Likitan_ido: Haka ne Dakta. Sai dai wajen zaɓen jariran da za a duba wa ido, kada a kwafo ma'aunin Amurka na waɗanda aka haifa a mako 30 na ciki zuwa ƙasa ko masu nauyin giram 1500 zuwa ƙasa. Inda oksijin ba shi da tsari, jarirai manya ma suna kamuwa, shi ya sa Indiya ke duba 'yan ƙasa da mako 34 ko giram 2000. Dubawar farko kafin kwana 30 da haihuwa. A buɗe ƙwayar ido da magungunan ɗigawa tropicamide 0.5% da phenylephrine 2.5%, ban da phenylephrine mai 10%, don yana tayar da hawan jinin jariri. In cutar ta kai matakin magani, a yi aiki da hasken lesa ko allurar cikin ido cikin awa 48 zuwa 72. Allurar ta fi sauƙi, amma cutar kan dawo bayan makonni, dole a ci gaba da bibiya.

Mai_rajista: A nan ake asarar yara. Ana sallama kafin ranar dubawa, uwa ta koma ƙauye, ido kuma lafiya ƙalau a waje. A sa nas ɗaya kan rajista, a karɓi lambar waya biyu, har da ta uba. Shirin KIDROP na duba idon bakwaini a jihar Karnataka ta Indiya, tun 2008 ma'aikatan da ba likitoci ba ya horar, suna zagaya asibitoci da kyamara suna tura wa likitocin ido hoto. Ku nemi irin wannan horon a rubuce cikin yarjejeniya, tare da kuɗin gyaran na'urori.