Musayar waƙa: Landan ta Wiliyam Bilek, wa ya ƙera marin?

Malam Sidi Mai Allo:
Salamu alaikum jama'a. Yau waƙar wani Bature na kawo, Wiliyam Bilek, sunanta Landan, ta fito 1794. Baiti huɗu ce kacal kowanne layi huɗu amma wallahi tun jiya ta hana ni sakat, mutumin yawo kawai ya fita ya dawo ya faɗi abin da idonsa ya gani da wanda kunnensa ya ji. Amsa-amon yau "ri" ne, wanda ya karya shi zai sai mana shayi.

Bilek ya taka cikin Landan,
Yana ta duban mutanen gari.
Kowace fuska da tabon wahala,
Da rauni, babu mai sarari.
Titi an yi masa takardar mallaka,
Har kogin Tems ya zamo jari.
Cikin kukan babba da na jinjiri
Ya ce yana jin ƙarar mari.
Ba maƙeri ne ya ƙera shi ba,
Tunani ne ya ƙera a asiri.

To wa ya ɗaure mutanen nan, sarki ko su da kansu?

Baffa Na Tasha:
Wa alaikumus salam. Malam ka tsallake wani abu fa. A littafin da yake gwajin rubutu, da farko sarƙar Jamus ya rubuta a wurin nan, kuma kowa ya san gidan su sarkin Ingila Joji na Uku daga Hanoba ta ƙasar Jamus suka zo, daga baya ne ya soke ya sa wai tunani. Ni dai tsoro na hango. A Mayun 1792 sarki ya yi shela a kan rubutun tunzura jama'a, marubuci Tomas Pen ma ya bar ƙasar ya tafi Faransa aka yanke masa hukunci ba ya nan, to wa zai so a kwana da shi a kurkuku.

Da fari ya nuna fada da yatsa,
Ya ce can aka ƙero mari.
Da ya ga zamani ya ɗau zafi,
Gari ya cika da 'yan leƙen asiri,
Sai ya lanƙwasa bakin alƙalami,
Ya ɗora wa talaka laifin lamari.
Kura ta ci akuya a gabanka,
Ka ce akuyar ce ba ta da tsari?

Anti Larai:
Haba Baffa, ka karanta baiti na uku kuwa ko a na biyu barci ya ɗauke ka?

Matsoraci ba ya shafa jinin soja
A bangon fada, tsakiyar gari.
Soja ya yi ajiyar zuciya,
Ta zama jini tana gangara a jeri.
Sarki na ciki bisa katifa,
Ɗan talaka ke shan harsashi da ɗari.
Wanda ya rubuta wannan, Baffa,
Kar ka ce masa mai gudun hatsari.

Ka tuna lokacin Ingila na cikin yaƙi da Faransa tun Fabrairun 1793. Kuma Bilek ɗin nan a 1803 da hannunsa ya tunkuɗe wani soja daga lambunsa a ƙauyen Felfam, sojan ya kai ƙara wai ya zagi sarki, sai da aka yi shari'a a 1804 sannan aka wanke shi. Wannan ne matsoracin?

Autan Mama:
Ni fa yayyena ku yi min uzuri, a baiti na ukun nan maganar yaro mai sharar bututun hayaƙi da ke kuka har coci ta yi baƙi ce ban gane ba, me ya haɗa mai shara da coci

Ni ƙarami ne a fagen nan,
Na zo koyo, ku yi haƙuri.
Yaro na kuka, bango na baƙi,
Malam warware min wannan batu.

Baffa Na Tasha:
Batu?? Auta ka karya, shayi ya hau kanka, mai madara.

Malam Sidi Mai Allo:
Ƙyale shi Baffa, tambayarsa ta fi shayin. Auta, a wancan zamanin gidajen Landan gawayin kwal suke ƙonawa saboda sanyi, kowane gida da bututun hayaƙi, wani bututun ƙunci gare shi babba ba zai shiga ba sai yaro, shi ya sa ake sayen yara ko a karɓo marayu a tura su ciki su kankare kunkunniya da gwiwa da gwiwar hannu. A 1788 majalisa ta yi doka kar a ɗauki wanda bai kai shekara 8 ba, dokar ta kwanta a takarda. Tun 1775 wani likita Pasibal Pot ya gano kunkunniyar nan na jawo musu ciwon daji a fatar maraina. Abin da ya haɗa su da coci kuwa, marayun da ke hannun hukumar unguwa ta coci su ma ana miƙa su ga masu wannan sana'a don a rage bakin ciyarwa.

Kafin asuba an tashe shi,
Ƙafa ba takalmi, ga ɗari.
A tura shi rami mai hawa sama,
Duhu a gaba, a ƙirji tari.
In ya maƙale a ce ya yi lalaci,
In ya fito a ce saura ƙari.
Buhun kunkunniya ne bargonsa,
Wanka kuwa sai dai a buri.
Coci na jin kukan ta taga,
Ta ɗaga murya da waƙa da kirari.
Hayaƙi ya baƙanta ta a waje,
Shirunta ya baƙanta ta tun fari.

Wani abin lura, in ka haɗa haruffan farko na layuka huɗu na baitin Bilek na uku a Turancinsa sai su ba ka kalmar Turanci mai nufin "ji". Ko da gangan ya yi ko dacewa ce, Allah masani.

Baffa Na Tasha:
Yawwa Malam ka kawo kanka. Wane tunani ne ya ɗaure yaron nan? Yunwa ce da bulala.

Malam Sidi Mai Allo:
Ban ce marin na ƙafar yaro ba,
Shi nasa ai na fili ne, na sarari.
Yana kan mai gidan da ke jin ɗumi,
Ya ce haka Allah ya tsara gari.
Yana kan mai wa'azi da ya yi gum,
Da sojan da ya ce umarni ne, ba shawari.
Sarki ɗaya ba ya ɗaure dubbai,
Sai dubban sun riƙe masa mari.

Anti Larai:
Ku maza kun tsaya a fada da coci, shi kuwa Bilek cewa ya yi abin da ya fi ji shi ne na ƙarshe, tsakar dare, tsinuwar wata yarinya karuwa. Yarinya fa ya ce, ba babbar mace ba. Kuma dubi yadda ya rufe, ya ɗauki keken kai amarya da keken kai gawa ya mai da su abu ɗaya, ni da Hausa makarar aure zan kira shi. Mai gida ya je wurinta da dare ya kwaso tunjere ya kai wa matarsa, jinjiri ya zo duniya da shi.

Tsakar dare take tsinuwa,
Ita da ba ta gama girma ba tun fari.
Wanda ya saye ta ya tafi gida,
Da safe shi ne mai mutunci a gari.
Amarya na ɗaki da lallenta,
Ba ta san me aka kawo mata a asiri.
Ana guɗa, makara na bakin ƙofa,
Jinjiri na kuka ba mai ba shi haƙuri.

Baffa Na Tasha:
Wannan kam Anti ba ni da amsa yanzu, sai na kwana da shi. Amma maganar soke Jamus ɗin nan ban janye ba, Malam.